Yadda Za Ka Yanke Kuɗi Da Lokacin Wankin Mota Na Musamman

Wankin mota iri biyu ne a Kano. Akwai na watsa ruwa da kumfa, wanda ake gamawa cikin minti 30, mai mota na kan benci yana latsa waya. Akwai kuma na musamman, wanda ake fitar da kafet, a wanke kujeru, a bi lungunan dashbod da buroshi, a goge fenti da folish. Na biyun ne ke karya masu sana'a, domin da yawa da ka suke yanka masa kuɗi.

Da farko, kada ka faɗi farashi a waya. In Alhaji ya kira ya ce "Corolla ce kawai", ka ce, "Ranka ya daɗe, a kawo ta mu gani." Corollar ma'aikacin banki daban, wadda ke kai yara biyar Islamiyya kullum daban. In ta iso, ku zagaya ta tare da mai ita. Buɗe but, ɗaga kafet, ka shinshina. Manjan da ya zube, madarar da ta yi tsami a ƙarƙashin kujera, cingam da ya like, kowanne da lokacin da zai ci maka. Duk ƙarzuwar da ke jikin fenti ka nuna masa, ka ɗauke ta hoto kafin ka taɓa motar, don kada gobe a ce yaranka ne.

Sai lissafin lokaci, kuma nan ne aka fi jin kunya. Cikin ƙaramar mota kaɗai, in aikin gaske za a yi, ka ware awa 3 zuwa 4. Sienna ko Sharon, masu layin kujeru uku, ƙara awa 1 ko 2. Wankin inji bai da tsawo, amma sai injin ya huce, an kuma rufe batir da altanato da akwatin fis da leda. Folish da na'ura yakan ci rabin yini, wani lokaci yini cur in fentin ya dushe. Wanda ya ce a shafa masa maganin seramik, wato ruwan da ake shafa wa fenti don ya kare shi, gaya masa motar za ta kwana, domin ba a so ruwa ya taɓa ta sai bayan awa 24 aƙalla.

Yanayin gari ma yana cikin lissafi. A zafin Afrilu kujerun yadi kan bushe kafin la'asar, amma a watan Agusta kujerar da aka wanke da hantsi tana iya kwana da laima, in ka ba da ita haka kuma warin zai dawo maka da mai motar. Da hunturu, kada ka yi folish a fili: ƙura za ta sauka, na'urar ta murje ta a jikin fenti. A rana tsaka ma ba a yi, sai a inuwa. Ka kuma cire lokacin sallar azahar da la'asar, ranar Juma'a ka ɗauki aikin rabin yini. In ka ƙiyasta ƙarfe 4, ka ce masa bayan magariba.

Yanzu kuɗi. Rubuta abin da aikin zai ci: jarkokin ruwa daga mai kura in ba ka da burtsatse, sabulu da folish, ladan yara, da man janareta, wanda tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya daina zama ƙaramin abu. A ce kaya da ruwa da mai sun ci naira 6,000, yara biyu 5,000, ka ware 2,000 don haya da gyaran injin feshi. Uwar kuɗi ta zama 13,000 ke nan, kuma ba ka ci ko sisi ba tukuna. A kanta za ka ɗora ribarka, ka sake lissafin duk sanda mai ya motsa.

Ka raba aikin gida uku, ka rubuta a allo: waje kawai, ciki da waje, sai cikakke har inji da folish, kowanne da kuɗin ƙaramar mota da na babba. Bakano dai sai ya taya. In Hajiya ta zaftare, kada ka tsaya a "albarka", ka ce, "Hajiya, a haka sai dai a cire wankin inji." A rage aiki, farashin kowane aiki ya tsaya inda yake.

Duk aikin da zai kwana, karɓi kafin alƙalami, ko rabi ne, don sayen kaya. Ka sa mai mota ya kwashe kuɗi da takardunsa a gabanka. Makon Sallah kuwa, da kowa ke son motarsa ta yi ƙyalli zuwa idi, ƙirga motocin da yaranka za su iya a yini, ka rubuta su a littafi, sauran ka ba su rana bayan hawan Nassarawa.