Kurakuran da mutanenmu suka fi yi a gidan abincin 'yan Nepal da Indiya

Tunda na zo Ingila karatu duk baƙon da ya sauka wajena daga Kano ko Damagaram, in nace yau mu ci a waje, to abincin Indiya zai ce, saboda mun taso da finafinansu muna ganin kamar mun san su ciki da bai. Akwai wani ɗan gidan abinci a unguwarmu da nake kai su, kuma kusan abu ɗaya nake ganin kowa yana maimaitawa, shi yasa nace bari in rubuta ko wani zai amfana.

Farko ma dai mutane basa lura cewa wurin ba na 'yan Indiya bane. In ka shiga ka ga hoton dutsen Everest a bango, ko tuta ja mai kusurwa biyu wadda ba murabba'i ba, ko wata lanƙwasasshiyar wuƙa da suke cewa khukuri an rataye, ko sunan wurin yana da Gurkha ko Himalaya a ciki, to 'yan Nepal ne. Sun ƙaru sosai a nan tun 2009 da gwamnati ta ba tsofaffin sojojin Gurkha, wato 'yan Nepal da suka yi aiki a rundunar sojan Birtaniya, damar zama, garin Aldershot ma cike yake da su. Suna dafa abincin Indiya ne don shi Turawa suka sani suke saya, nasu na gida kuma yana can ƙarshen menu a ɗan shafi guda. Dan Allah kar ka ce wa mai kawo abincin ɗan Indiya, basa so, kamar a ce wa Banijare ɗan Najeriya ne. Namiji ka kira shi "dai" da yarensu, mace "didi", wato yaya kenan, in ya kawo ka ce dhanyabad, zaka ga fuskarsa ta sake.

Wanda ya fi damuna shine maganar halal, don nan ne ake yin sakaci sosai. Yawancin gidajen kari (miyar Indiya mai kayan yaji) na Ingila na 'yan Bangladesh ne kuma Musulmi ne, daga nan mutane suka ɗauka duk inda aka ga gurasar naan da shinkafar biryani to naman yanka ne. Ba haka bane wlh. Mutanen Nepal galibinsu Hindu ne da mabiya Buddha, wasu suna sayen naman halal saboda kwastomomi wasu basa saye, wani wurin kuma kazar halal ce amma ragon ba halal bane, kuma akwai ƙabilunsu da suke cin alade don haka zaka iya samun momo (ƙullin fulawa da ake cusa nama a ciki a turara) ko gasasshen nama na alade a menu ɗin. To ka tambaya kai tsaye ba kunya, wane naman ne halal, kuna dafa alade, in kuna dafawa tukunya ɗaya ce ko mai ɗaya ake soyawa? Ni ban taɓa ganin wanda ya ji haushin tambayar ba. In amsar bata kwanta maka ba ka koma ɓangaren marasa nama, wanda a abincinsu ba ƙarami bane ko kaɗan, akwai paneer wanda cuku ne mai kama da awara, akwai chana wani irin wake, akwai bhindi wato kuɓewa soyayya wadda bata yauƙi, akwai dal wato miyar dangin wake kala kala. Ka ƙoshi lafiya ba nama.

Abin sha ma a kula. Akwai ranar da wani ƙanina ya hango teburin kusa da mu an kawo musu wani dogon kofin katako ana zuba ruwan zafi ana zuƙa da tsinke, yace shima shi yake so ya zaci wani shayi ne. Tongba ce, giya ce da ake yi da tamba, Allah ya taimaka mai kawo abincin ya tsaya ya tambaye mu ko mun san mene ne. Raksi da chhyang suma giya ne. Ka tsaya kan lassi wato kaɗaɗɗen nono, ko shayin masala mai citta da kirfa da madara.

Naman sa kuma kar ma ka nema. Saniya abar girmamawa ce a wajen Hindu, a Nepal ita ce dabbar ƙasa kuma yanka ta laifi ne a doka. In ka ga an rubuta buff to ɓauna ce, ita suke ci a madadin.

Sai kuskuren oda. Mutum zai zaɓi kari ɗaya ya zauna yana jira, a kawo masa miya zalla a ɗan kwano sai ya fara tambayar ina shinkafar. A nan miya daban take, shinkafa ko naan kuɗinsu daban, sai ka faɗa. Kuma ba a tsara abincin don kowa ya rungumi kwanonsa ba, in ku huɗu ne ku ɗauki miya uku mabambanta, shinkafa biyu, naan biyu ko uku, a jera a tsakiya kowa ya ɗiba, ya fi araha kuma kun ɗanɗani abu da yawa. Naan ɗin nan fa gurasa ce kawai, tandar da suke manna ta a jiki ana ce mata tandoor, duk wanda ya taɓa ganin tanderun masu gurasa a Kano zai gane ta nan take. Da zafinta ake ci, in ta huce tauri take, don haka kar a kawo muku duka lokaci ɗaya, ku ƙara oda in kun ci rabi.

Yaji kuma mu Hausawa muna da ƙarfin hali a kansa, mun saba da attaruhu da yajin tsire sai mutum yace a sa masa mafi zafi. Akwai matakai, korma kusan zaƙi ne da ita kuma da yazawa ko wasu 'ya'yan itacen ake kaurara ta, wanda jikinsa baya karɓarsu ya kiyaye, butter chicken ma ba zafi, madras ta fara cizo, vindaloo ta fi ta, phall kuwa wadda aka ƙirƙira a Birmingham wahala ce kawai ba ɗanɗano. Ka fara da matsakaici ka ce a kawo maka achar, wani haɗin yaji mai tsami, a gefe ka riƙa ƙarawa da kanka. In bakinka ya ɗau wuta ruwa ba zai kashe ba sai ma ya yaɗa shi, abin da ke cikin barkonon maiƙo yake bi, nono ne maganinsa, shi yasa ake kawo raita, wato nono mai kayan lambu, da lassi.

Amma asarar da ta fi min ciwo ita ce yadda ake tsallake shafin Nepal ɗin a koma biryani kullum, alhali shi ne ya fi kusa da abincin gidanmu. Dhindo tuwo ne, tuwo sak, na garin tamba ko masara, a tuƙa shi a zuba man shanu a kai ka gutsura da hannu ka dangwala a miya, ranar da na fara cinsa sai da na yi shiru na ɗan lokaci don gida ya tuna min. Gundruk ganye ne da ake tsimawa a shanya a yi miya da shi mai ɗan tsami, sekuwa gasasshen nama ne ɗan uwan tsire, sukuti kuma busasshen nama. Dal bhat shine abincinsu na safe da yamma, a babban faranti na tagulla, shinkafa a tsakiya ƙananan kwanuka kewaye, ba ɗaya bayan ɗaya ake ci ba, ka zuba dal ɗin akan shinkafar ka cakuɗa da hannun dama ka riƙa haɗawa da sauran, a can ƙasarsu ƙari kyauta ne amma a nan ka tambaya tukuna. In ka ji harshenka yana ɗan zir zir kamar ya mutu kar ka tsorata abincin bai lalace ba, timur ne, dangin fasaƙwarin da ake sa wa yaji a wajenmu. Momo kuma kar ka yanka shi da wuƙa romon cikin ya zube a faranti, ka bari ya ɗan sha iska ka dangwala a miyar tumatir ɗinsa ka kai baki ɗungurungum.

In da ɗan Nepal kuke ci akwai abin da suke cewa jutho, duk abin da bakinka ko cokalin da ka lasa ya taɓa ba a ba wani. Mu da muka saba faranti ɗaya hannu biyar bama ganin komai a ciki, su kuma babban abu ne, ka ɗiba da cokalin rabawa ka zuba a naka farantin, kar kuma ka miƙa masa abin da ka gatsa.

Da an kawo bil ka duba ƙasansa ko sun riga sun saka kuɗin sabis kafin ka ƙara wani. 'Yan ƙwayoyin nan kore da masu launi da ake kawowa tare da shi saunf ne, ka ɗebi ɗan kaɗan a tafin hannu ka tauna, yana gyara baki bayan tafarnuwa.