Yaro da zazzaɓi a ƙaramin asibiti: inda muke kuskure daga dubawa zuwa turawa

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, benci a ƙananan asibitocinmu ba ya rabuwa da iyaye mata goye da yara masu zafin jiki. Akasarinsu maleriya ce ke damun su, kuma wannan yawan shi ke janyo mana matsala. Hannu ya saba, sai a rubuta magani tun uwa ba ta kwance goyo ba. Maganar tawa da abokan aiki nake yi, malaman asibiti da nas-nas da ungozoma, domin a hannunmu ake yanke hukuncin wanda zai koma gida da wanda za a wuce da shi gaba.

Babban abin da ake tsallakewa shi ne duba yaron da kansa. Uwa ta ce, "Malam, haƙori ne yake fitarwa," sai a karɓa a haka. A sauke shi, a cire masa riga. Tsarin kula da cututtukan yara da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar tun shekarun 1990 ya ware alamomin haɗari guda huɗu: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga a wannan ciwon, ko ya galabaita ba ya cikin hayyacinsa. Ɗaya kawai ta isa a tura shi. Kada a tsaya ga tambaya; a ce wa uwar, "Hajiya, ba shi nono in gani." Abin da ido ya gani ya fi abin da aka faɗa, musamman da yake uwa da yawa ba ta kawo maganar jijjiga sai an tambaye ta kai tsaye, don a gida an riga an ce iska ce.

Sai numfashi. Ba a ƙiyasta shi da ido, ƙirgawa ake yi, minti ɗaya cur, yaro yana kwance shiru a cinyar uwarsa. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Yaro mai tari da irin wannan numfashi nimoniya gare shi, wato ciwon huhu, amoxicillin yake buƙata, ko da gwajin maleriya ya nuna akwai. A buɗe tafin hannunsa a ga ko ya yi fari fat, alamar ƙarancin jini, a lanƙwasa wuyansa saboda sanƙarau, a leƙa maƙogwaro, don mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 da zazzaɓi da ciwon wuya yake farawa. A ɗaura masa ma'aunin damtse: ƙasa da santimita 11.5, ko kumburi a ƙafafu biyu, tamowa ce mai tsanani. Duk wannan bai kai minti biyar ba.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya. Kuskure biyu ake yi a nan. Gwaji ya nuna babu, sai a ce "ai ba ya nunawa" a ba da maganin, a bar ainihin ciwon, ko na kunne ne ko na mafitsara. Ko kuma gwaji ya nuna akwai, sai a daina neman komai, alhali gwajin nan na gaggawa yakan ci gaba da nunawa makonni bayan an warke. Shi kuwa "maleriya da taifod" da ake rubuta wa kowa bisa gwajin taifod na Widal guda ɗaya, ya kamata mu daina. Gwajin ba abin dogaro ba ne, kuma kuɗin talaka ake ƙonawa a kan maganin da bai buƙata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne riƙe yaron da ya fi ƙarfinmu. A kwantar da shi kwana biyu, uku, ana ƙarin ruwa, domin iyaye sun fi yarda da leda a rataye, mu ma ba ma son a ce mun kasa. Ƙarin ruwa ba ya maye gurbin ƙarin jini ko iskar oksijin. Yana ma iya kisa: zuciyar yaro mai tamowa ba ta ɗaukar ruwa da yawa, kuma babban binciken FEAST da aka yi a Uganda da Kenya da Tanzaniya, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa ɗura ruwa da sauri ga yara masu zazzaɓi mai tsanani ya ƙara yawan mace-mace. Jariri ɗan ƙasa da wata 2 da ya yi zazzaɓi ba na jira ba ne. Haka wanda ya wuce kwana 7 yana zazzaɓi kullum.

To, an yanke shawarar turawa. A nan ma akwai gyara, domin wasu da sun ce "ku tafi babban asibiti" sai su ɗauka sun sauke nauyi. Tsakanin ƙofarmu da gadon asibitin akwai neman izinin maigida, neman kuɗi, neman mota, da hanyar da ruwa ya cinye. Awa shida na iya wucewa. Don haka ba a sakin yaro hannu rabbana. In ana zargin maleriya mai tsanani, a yi masa allurar artesunate a tsoka, miligiram 3 ga kowane kilo in bai kai kilo 20 ba, 2.4 in ya kai. In babu allura kuma bai kai shekara 6 ba, a sa masa na dubura, miligiram 10 ga kowane kilo, a matse ɗuwawun minti 10. A ba shi kashin farko na maganin kashe ƙwayoyin cuta, don a ƙauye ba mu da hanyar raba maleriyar ƙwaƙwalwa da sanƙarau. A kare shi daga faɗuwar sukari: nono in zai iya sha, in ba haka ba a dama ƙaramin cokali 4 na sukari a ruwa mai tsabta mililita 200 a ba shi kaɗan-kaɗan, muddin yana iya haɗiya.

Amma a kula, yaro yakan ɗan farfaɗo bayan wannan magani, iyaye su ga ya buɗe ido su juya gida. Kashi ɗaya ba ya warkarwa. Sai an yi allura na aƙalla awa 24, sannan a sha cikakken magani na kwana 3. A faɗa musu haka ƙarara, kuma da maigida ko kakar yaron za a yi maganar, tun da su ke da ta cewa: "Alhaji, abin da na ba shi na riƙe shi ne a hanya. Jininsa ya yi ƙasa, mu kuma ba mu da jini a nan. Yau za ku tafi, ba gobe ba." In sun yi jim, a tambayi abin da ya tsaya musu. Sau da yawa kuɗin mota ne, kuma mai unguwa ko kwamitin asibiti na iya samo mafita.

Takardar turawa kuma ba "a taimaka a duba" ba ce. A rubuta nauyinsa, zafin jikinsa, adadin numfashi, sakamakon gwaji, sunan maganin da aka ba shi, yawansa da ƙarfe nawa, har da abin da aka saya a kemis ko jiƙon da aka ɗura masa a gida. In akwai lambar wayar asibitin, a kira kafin su isa.

Wanda aka sallama gida ma yana da haƙƙi. Maganin maleriya na artemether-lumefantrine sau 6 ake sha cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8, tare da nono ko abinci mai maiƙo. A ba shi na farko a gabanmu, a sa uwar ta maimaita bayanin da bakinta. In zazzaɓin bai sauka ba bayan kwana 3 ta dawo da shi, in kuma ya daina sha ko ya fara jijjiga, ko tsakar dare ne kada ta jira gari ya waye.