Ga Ƙannenmu Masu Zuwa Karatu Ƙasar Sin: Ku Fara da Takardu

A duk watan Satumba, lokacin da jami'o'in ƙasar Sin suke buɗe sabuwar shekarar karatu, mu da muka daɗe a nan mukan tarbi ƙannenmu daga Kano da Zariya da Maraɗi, kuma tambayoyinsu ba sa wuce biyu: ina ake samun abincin halal, kuma yaya ake biyan kuɗi da waya. Waɗannan ba za su hana ku barci ba. Manyan jami'o'i da yawa suna da ɗakin cin abinci na Musulmi mai alamar qingzhen, wato halal da Sinanci, a ƙofarsa, ga kuma shagunan taliyar Lanzhou ta halal a kusan kowace unguwa. WeChat da Alipay kuwa, manhajojin da ake biyan kuɗi da su a waya, da kun sami layin waya da asusun banki, yini guda ya ishe ku ku iya su.

Karatun zango biyu ne, da hutun sanyi a lokacin bikin bazara, wato Janairu ko Fabrairu. 'Yan ajinku Sinawa sun shigo ne ta jarrabawar shiga jami'a mai suna gaokao da ake yi a watan Yuni bayan shekara 12 a makaranta, don haka zaman ɗakin karatu har dare ya zame musu jiki. Malamai suna kiran suna, kuma a jami'o'i da dama wanda ya yi fashin kashi ɗaya cikin uku na darasi ba zai zauna jarrabawarsa ba. Mai tallafin gwamnatin Sin a digiri na farko yana karɓar yuan 2,500 a wata, amma duk shekara ana duba ƙwazonsa da halayensa kafin a sabunta masa.

Abin da ya fi kayar da yaranmu shi ne takardu. Bizar X1 da kuka shigo da ita ba izinin zama ba ce. Cikin kwana 30 da saukarku dole ku kai fasfo, da takardar JW201 ko JW202 da kuka nemi biza da ita, da takardar shiga jami'a, da sakamakon gwajin lafiya ofishin shige da fice domin a ba ku izinin zama. Wanda ya zarce wa'adinsa, tararsa yuan 500 ce a kowace rana har zuwa yuan 10,000, kuma ana iya tsare shi. Akwai kuma dokar awa 24: duk baƙon da ya sauka a gidan da ba otal ba, wajibi ne a yi rajistar adireshinsa a ofishin 'yan sandan unguwa. Idan kuna ɗakin kwanan ɗalibai, makaranta ce take yi muku, shi ya sa da yawa ba su ma san da dokar ba sai ranar da ta cije su.

Ni ma haka ta cije ni. A shekarata ta biyu na gaji da rufe ƙofar ɗakin kwana da dare, na kama haya a waje, na biya kuɗin ajiya na wata ɗaya da hayar wata uku kamar yadda aka saba. Mai gidan ya ce zai yi mini rajista, na kuwa yarda ban nemi shaida ba. Sai da na je sabunta izinin zama aka nemi takardar, na rasa abin nunawa. Na yi mako biyu ina safa da marwa tsakanin makaranta da ofishin 'yan sanda, mai gida ya daina ɗaukar wayata, na rubuta takardar bayani da Sinancin da a lokacin bai nuna ba, na biya tara, ga jarrabawa a kaina. Har yau idan na ji sabon zuwa yana cewa ai wane ya ce babu komai, raina yakan ɓaci, domin wane ɗin ba zai tsaya gaban jami'i a madadinsa ba.

Saboda haka kada ku sa hannu a takardar haya sai mai gida ya amince zai ba ku kwafin katin shaidarsa da na takardar mallakar gidan, ya kuma raka ku ofishin 'yan sanda. Idan kun sauya gida ko fasfo, ku sake rajista, haka kuma idan kun dawo daga hutu a gida ku tambayi ofishin ɗalibai baƙi ko ana buƙatar sabuwa. Ku nemi sabunta izinin zama kwana 30 kafin ya ƙare. Sayen kaya a Guangzhou don aika wa 'yan kasuwa ana ba ku lada, ko koyar da Turanci a ɓoye, aiki ne a idon doka, kuma ɗalibi ba ya aiki sai da amincewar makaranta da kuma shaida a kan izinin zamansa.

Ina alfahari da 'yan'uwanmu a nan, domin ban taɓa ganin an bar baƙo ya je ofishin hukuma shi kaɗai ba idan ya yi magana. Ku gaya mana ranar saukarku tun kuna gida, ku zo da hotunan fasfo masu farin bango da kwafin kowace takarda, a washegarin isowarku ɗayanmu zai raka ku.