Yadda Ake Gano Matsalar Wuta a Giyar Atomatik Kafin a Sauke Giyabos

Mota tana tafiya lafiya lau, rana ɗaya sai ta ƙi canja giya. Ka taka totur, injin yana ta ihu, ita kuwa ta maƙale a giya ɗaya. Wata kuma sai ta riƙa fizga da ƙarfi idan an sa D ko ribas. A Honda za ka ga harafin D yana ƙyaftawa a dashbod, a tsofaffin Toyota kuma fitilar O/D OFF ce ke yin hakan. Abin da aka fi ji a gareji daga nan shi ne, "Alhaji, giyabos ya tafi, sai dai a sa wani." Sau da yawa ƙarafan ciki lafiyarsu ƙalau, wuta ce ba ta isa inda ya kamata. Abin takaici ne mutum ya zuba kuɗi a Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo giyabos, a ɗaura, matsalar ta dawo, domin wayar da ta tsinke tana nan jikin motar.

Ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, ita ce ke yanke lokacin canja giya. Sensoci suna kai mata labarin gudu da zafin mai da inda sandar giya take, ita kuma ta tura wuta ga solonoyid, waɗanda ke buɗe hanyoyin mai su rufe a cikin giyabos. Da zarar wani saƙo ya yanke, sai ta kulle motar a giya ɗaya, yawanci ta uku, don kada a yi ɓarna. Aikinka shi ne ka bi wutar nan daga batir har ƙarshenta.

Fara da man giya. Idan ya yi ƙasa, ko ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko an zuba wanda ba nasa ba, gyara wannan tukuna. Sai batir. Da injin a kashe, mitar awon wuta ta nuna wajen bolt 12.6. Da ka tayar, ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Batir mai rauni ko altaneta mai wasa da caji suna rikita ƙwaƙwalwa ta yi ta jefo lambobin matsala na ƙarya. Duba kan batir ma, ko ya yi farin gishiri ko yana motsi.

Yanzu jona na'urar bincike, wadda ke karanto lambobin matsala daga ƙwaƙwalwa. Soket ɗinta mai fil 16 yana ƙarƙashin dashbod ta wajen sitiyari, kuma motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da shi. Idan ka ga P0700, bai gaya maka komai ba tukuna, yana nufin dai ɓangaren giya yana da ƙorafi. Ƙananan na'urori masu araha a nan suke tsayawa, saboda haka nemi wadda ke shiga ɓangaren giya. P0705 na sensar sandar giya ne. P0715 na sensar gudun shiga, P0720 na gudun fita. P0753 da P0758 suna nuna matsalar wuta a solonoyid A da B. U0101 kuwa yana cewa magana ta yanke tsakanin ƙwaƙwalwar giya da sauran motar. Rubuta lambobin duka a takarda kafin ka goge ko ɗaya.

A nan mutane da yawa ke kuskure. Lambar tana nuna layin da matsala take ne, tun daga ƙwaƙwalwa, ta cikin waya da soket, har zuwa solonoyid ɗin. Ba ta ce solonoyid ya mutu ba. Idan kuma lambobi uku ko huɗu suka fito lokaci guda, da wuya a ce kayan duk sun lalace rana ɗaya. Nemi abin da ya haɗa su: fiyus, ko wayar as (wadda wuta ke bi ta koma batir), ko babban soket.

Auna fiyus da mita, kada ka dogara da ido. Wayar as da ke haɗa batir da bodi da injin ita ce aka fi mantawa, musamman bayan an sauke injin an mayar. Da injin yana aiki, ɗora baƙin tsinken mita a kan batir na as, mai alamar (-), jan kuma a jikin giyabos. Idan ta wuce bolt 0.2, kwance wayar, kankare wurin har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure tam.

Daga nan sai babban soket da ke jikin giyabos, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Kashe mota, zare makulli, ka cire shi a hankali. Haska tocila ciki. Fil mai lafiya yana sheƙi, yana tsaye daidai da 'yan uwansa. Wanda ruwa ya shiga za ka gan shi da kore-kore, kuma wankin injin da ruwa mai ƙarfi yana yawan jawo haka. Wani fil ɗin zai noƙe baya, ya zama yana taɓawa yana saki. Idan ka tarar da man giya a cikin soket, to robar da ke tare shi ta saki, kuma man yana iya bin cikin waya har ya kai ƙwaƙwalwa, abin da aka san giyabos ɗin Mercedes mai lamba 722.6 da shi. Bi wayar da hannunka, ka duba inda ta kwanta kusa da salansa, da inda take gogar ƙarfe, da inda ɓera ya ci. Duk inda ka ga an naɗe da salatif, buɗe ka gani.

Sai awon solonoyid, mita a kan om, wato ma'aunin turjiyar wuta. A Toyota, masu buɗewa da rufewa kawai suna ba da om 11 zuwa 15, ana auna su tsakanin fil da jikin giyabos. Masu daidaita ƙarfin mai, irin su SL1 da SLT, suna ba da 5.0 zuwa 5.6 tsakanin filolinsu biyu. Na Honda yawanci 12 zuwa 25. Alƙaluman na giyabos mai sanyi ne, kuma kowace mota da nata, don haka duba littafin ƙirar da ke gabanka. Idan mita ba ta nuna komai ba, layin ya tsinke. Idan ta faɗi kusa da sifili, waya ta haɗu. Yi awon sau biyu, ɗaya a soket ɗin giyabos, ɗaya a soket ɗin ƙwaƙwalwa bayan ka mayar da na farko. In na giyabos ya yi daidai na ƙwaƙwalwa bai yi ba, laifin waya ne. Sa yaron shago ya riƙa girgiza wayar kana kallon mita, domin mai tsinkewa a ɓoye a lokacin take tona kanta. Kada ka soka fitilar gwaji a wayoyin ƙwaƙwalwa, kada kuma ka bar wutar batir kai tsaye a kan solonoyid mai om biyar, zai ƙone.

Sensoci sun fi sauƙin kamawa a kan hanya. Wani ya tuƙa, kai ka riƙe na'ura. Idan gudun fita ya faɗo sifili alhali mota tana tafiya, ka samu. Ciro sensar, sau da yawa garin ƙarfe ne ya taru a bakinta. Ta sandar giya kuwa, matsa sandar ɗaya bayan ɗaya, P, R, N, D, ka ga ko na'urar tana bi. Motar da ke tashi a N ta ƙi tashi a P, ko fitilar ribas ta daina kamawa, can za ka dosa.

Ƙwaƙwalwa ita ce ta ƙarshe da za a zarga, bayan an tabbatar wuta da as suna isa gare ta. Tana lalacewa, kamar yadda aka gani a RAV4 ta 2001 zuwa 2003 wadda fizgar giyarta daga can take, amma ba kasafai ba. Idan kuma duk awo ya fito daidai, lambar da ta rage P0751 ce ko P0730, to matsalar ta bar hannun mai wayarin, datti ne ya riƙe bawul ko kulocin ciki sun cinye, sai a buɗe kaskon mai.

Bayan gyara, goge lambobin, ka tuƙa motar har ta yi zafi sosai ta shiga kowace giya, sannan ka sake jona na'urar kafin ka miƙa wa mai ita makulli.