Kesh: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Sa kesh a manhaja ba shi da wuya. Layi biyu ko uku ne, shafin da ke jan ƙafa kafin ya buɗe sai ya koma ƙiftawa da bismilla. Abin da ake yi kawai shi ne a ajiye kwafin amsar da aka riga aka samo a kusa, don kada a riƙa komawa rumbun bayanai ko uwar garke a kowace tambaya. Rigimar tana ɓullowa ne ranar da asalin bayanin ya canza, kwafin kuwa yana nan zaune ba shi da labari. Yawancin kurakuran daga tambayoyi biyu suke tasowa, waɗanda ba a yi ba tun farko: wannan kwafi na wane ne, kuma yaushe zai mutu?

Mu fara da wanda sunansa ke ruɗar mutane. Da yawa suna rubuta no-cache a cikin Cache-Control, wato umarnin ajiya da uwar garke ke haɗawa da kowace amsa, da zaton sun hana burauza ajiyewa. Ba haka ba ne. Ma'anarsa ita ce ki ajiye, amma kada ki yi amfani da shi sai kin tambayi uwar garke ko yana nan yadda yake. Burauzar takan aika da alamar ETag ɗin da take riƙe da ita, wato shaidar sigar fayil ɗin da ke hannunta, in babu canji a amsa mata da lambar 304 ba tare da an sake turo fayil ɗin ba. Mai son a hana ajiya gaba ɗaya, kamar a shafin bayanan banki, no-store zai rubuta. Wanda kuma bai rubuta komai ba, kada ya ɗauka ya tsira: burauza za ta kintaci wa'adin ajiyar da kanta, galibi kashi 10 cikin 100 na tsawon lokacin da fayil ya yi ba a taɓa shi ba.

Sai wanda kusan kowa ya taɓa faɗawa. Ka gyara style.css, fayil ɗin CSS mai tsara kamannin shafi, ka ɗora, ka danna Ctrl da F5 don burauzarka ta ɗebo sabo, komai ya fito tsaf. Can sai mai shafin ya kira ka yana cewa maɓallan sun hau kan juna. Ka duba naka, lafiya lau. Ka ce masa ya goge tarihin burauzarsa, ya goge, ya daidaita. To sauran dubban masu ziyara fa, wa zai kira su ɗaya bayan ɗaya? Abin da ya faru shi ne ka ba fayil ɗin wa'adin wata guda, sabon HTML, wato gangar jikin shafin, ya haɗu da tsohon CSS, kuma ba ka da hannun da zai kai cikin wayar mutane ya goge. Maganin shi ne sunan fayil ya riƙa canzawa tare da abin da ke cikinsa, misali app.3f9a1c.css. Irin wannan ka ba shi max-age=31536000, wato shekara guda a daƙiƙoƙi, ka ƙara immutable, ma'ana ba zai taɓa canzawa ba. Shi kuwa HTML ɗin da ke nuna sunayen, shi ne wurin no-cache.

Wanda ya fi muni shi ne kwafin mutum ɗaya ya faɗa hannun wani. Ranar 25 ga Disamba 2015, ana tsaka da kai wa Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, harin cunkoso, aka sa wasu ƙa'idojin kesh don rage nauyi, sai suka haɗa har da shafukan waɗanda suka shiga asusunsu. Mutane suka riƙa ganin adireshin imel da tarihin sayayyar wasu. Kamfanin Valve, mai Steam, ya ce abin ya shafi mutum kusan 34,000. Garin neman gira aka rasa ido. Duk amsar da ta dogara da wanda ya shiga, a sa mata private don kada CDN, wato na'urorin tsakiya da ke raba wa jama'a kwafin shafi, ta riƙe ta. A cikin manhaja ma haka: mabuɗin kesh, wato sunan da ake ajiye kwafi da shi, ya ƙunshi duk abin da ke sauya amsa, lambar mai asusu, harshe, lambar shafi. Amma kada a zarce. Wanda ya sa Vary: User-Agent, wato kowane irin burauza da kwafinsa daban, ya raba kesh ɗinsa gida dubu, da wuya baƙi biyu su ci moriyar kwafi ɗaya.

Akwai kuma turmutsutsu. Mabuɗin da kowa ke nema ya cika wa'adinsa, a daƙiƙar nan buƙatu ɗari biyar suka tarar babu shi, dukansu suka ruga rumbun bayanai da tambaya iri ɗaya. A Satumba 2010 Facebook ya yi kusan awa biyu da rabi ba ya aiki saboda ɗan'uwan wannan: kowace na'ura ta ga ƙimar da ke kesh ba daidai ba ce, ta goge, ta nufi rumbu, rumbun ya shaƙe, kurakuran da yake mayarwa suka sa aka ci gaba da gogewa. Sai da suka kashe shafin kafin ya farfaɗo. A sa makulli, buƙata ɗaya ta je ta ɗebo, sauran su jira ko a ba su tsohon kwafi na ɗan lokaci, aikin da stale-while-revalidate ke yi ke nan. A kuma barbaza wa'adi: maimakon kowa daƙiƙa 300 cif, a ƙara 'yan daƙiƙoƙi barkatai don kada su mutu tare.

In bayani ya canza, ni dai na fi yarda da a rubuta a rumbu tukuna sannan a goge mabuɗin, ba a sabunta shi ba. Rubutu biyu na iya tsere, tsohon ya iso daga baya ya zauna daram. Ko da gogewar, a bar wa kowane mabuɗi wa'adi, don wata rana saƙon gogewa zai ɓace a hanya.

Masu amfani da Redis, manhajar da ake yawan ajiye kesh a cikinta, su leƙa saitin maxmemory-policy. Yadda yake zuwa shi ne noeviction, wato in ya kai iyakar da aka sa masa ba ya korar tsoho, ƙin karɓar sabo yake yi. Don aikin kesh allkeys-lru, mai korar mabuɗin da aka fi daɗewa ba a nema ba, ya fi dacewa. Umarnin INFO kuma zai nuna keyspace_hits da keyspace_misses, wato sau nawa aka samu abu a kesh da sau nawa aka rasa. In rashin samu ya rinjayi samu, zirga-zirga kawai aka ƙara.

Sau da yawa ma kesh rufa-rufa ce a kan tambayar da ba a yi mata fihirisa a rumbu ba, wato jerin da ke saurin kai rumbu ga amsa. Ka zubar da kesh ɗin a na'urar gwaji, ka tura mata cunkoso irin na ranar aiki, ka ga ko rumbun zai ɗauka. In ya durƙushe, abin da zai faru ke nan duk ranar da Redis ya sake tashi babu komai a cikinsa, kuma gyaran yana can cikin tambayar.