Darasi na 9: Tsohon Irin Shinkafa da Mayen Ƙarfe

Irin shinkafa abu ne mai rai, kuma yana tsufa. Wanda ya shekara biyu a buhu, ya sha zafin bazara da laimar watan Agusta, ba zai tsira kamar na bara ba. Wasu ƙwayoyin sun mutu. Wasu kuwa da sauran ransu, amma sun yi sanyi, sai su makara wajen fitowa.

Masu sanyin nan ne ake ƙoƙarin zaburarwa da mayen ƙarfe, wato maganaɗisu. Kun san shi: baƙin ƙarfen nan mai zagaye da ke bayan sifikar rediyo, wanda yara ke jan ƙusa da shi. A shekarar 2000 wasu masu bincike a birnin Madrid na ƙasar Sifen sun sa irin shinkafa cikin ƙarfin maganaɗisu, suka ga ya fi wanda ba a sa ba saurin tsirowa. A Indiya ma an gwada da masara da waken suya. Abin da aka lura shi ne irin yakan yi saurin shan ruwa, sinadarin da ke narka garin cikin ƙwaya ya zama abincin ɗan tsiro kuma yakan ƙara kuzari.

Sai dai su da na'urar awo suke aiki, mu kuwa sai abin da muka samu wurin mai gyaran rediyo a Sabon Gari, kuma wani ya fi wani ƙarfi. Ƙwayar da ta mutu kuwa, ko a kan maganaɗisu ta kwana ba za ta tashi ba. Don haka kada kowa ya kai buhu fadamar Galma bisa ji-ta-ji-ta. Gani ya kori ji.

A debo iri daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, a gauraya. A ƙirga ƙwaya 100, a sake ƙirga wasu 100. Kashin farko a baza shi a kan maganaɗisun na awa ɗaya, kada a tsiba, domin da ƙwaya ta ɗan yi nisa ƙarfin ya ragu. Kashi na biyu a bar shi can gefe. Sai a jiƙa tsumma biyu, a shimfiɗa kowane kashi a nasa, a naɗe kamar tabarma, a ɗaura wa na farkon jan zare don kada su rikice. A ajiye su a inuwa inda kaji ba za su kai ba, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Katin ATM kuma a nisanta shi da maganaɗisun.

Rana ta 5 a warware a ƙirga waɗanda suka fito, a rubuta. A sake ƙirgawa rana ta 14. Iri mai kyau ya kamata 80 cikin 100 su tsira. In duka biyun sun tsaya a 40 ko 50, tsufa ya ci shi, gara a casa a ci tuwo, a nemi ingantaccen iri kamar FARO 44 ta hannun malamin gona.

Aikin gida: Manomi kan yafa tiya 3 ta irin da 80 cikin 100 ke tsira. Bana 60 kacal suka fito a tsummansa. Tiya nawa zai yafa? Ku zo da amsar tare da tsummanku biyu ran Asabar.