Yadda ake shuka furen petuniya daga iri

Irin petuniya ƙanana ne sosai kamar ƙura, shi yasa mutane da yawa ke binne shi a ƙasa su yi ta jira shiru ba tsiro. Kar ka binne shi ko kaɗan, wannan irin sai ya ga haske yake fitowa.

Ka samu roba mai huji a ƙasa ka cika ta da ƙasa mai laushi wadda ruwa baya kwanciya a cikinta, ka jiƙa ta tukuna, sannan ka barbaɗa irin a sama ka ɗan danna da yatsa kawai, in yana maka wahalar rabuwa ka gauraya shi da yashi kaɗan. Rufe da farar leda wadda ake hango abu ta cikinta, ka ajiye inda akwai haske amma ba cikin rana tsaka ba, ɗumin da yake so wajen digiri 21 zuwa 26 ne. Cikin kwana 7 zuwa 10 zaka ga tsiro, daga nan sai ka cire ledar.

Wajen ban ruwa ne ake yawan asara wallahi. Kar ka kwarara daga sama, ka sa robar cikin faranti mai ruwa ta tsotsa da kanta, in saman ƙasar ya jiƙe ka cire, yawan ruwa na ruɓar da gindinsu.

Da sun yi ganye 3 ko 4 sai dashe. Suna son rana aƙalla awa 6 kullum, da takin ruwa duk sati 2. Ka tsinke kan tsiron tun yana ƙarami don ya yi rassa, furen da ya bushe kuma ka riƙa cirewa har da ɗan kwanson irin dake ƙarƙashinsa, sabo zai ci gaba da fitowa.